Tsirkiya da Yatsa: Daga Garayar Ruma Zuwa Kilabikod na Jamus

Ƙasar Ruma, wadda ta ƙunshi Batsari da Safana a yammacin Jihar Katsina, tana bakin dajin Rugu ne, don haka mutanenta sun daɗe da sanin farauta da kiɗan mafarauta, wato garaya. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai garaya zai lura cewa tsirkiya biyu ce kacal gare ta, amma muryoyin da ke fita daga cikinta sun fi haka yawa. Asirin yana ga yatsun hannun hagu. Duk inda makaɗi ya danne tsirkiya a jikin sanda, ya rage tsawon ɓangaren da ke kaɗawa ke nan, murya kuwa sai ta ƙara siriri. Da wannan dabara marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya riƙa fitar da waƙa sukutum daga tsirkiya ɗaya ta kuntigi.

A shekarar 1636 wani malamin Faransa mai suna Marin Mersenne ya rubuta ƙa'idar wannan al'amari. Abubuwa uku ne ke yanke muryar tsirkiya: tsawonta, da tsananin ɗaurinta, da kaurinta. Alal misali, tsirkiyar da ke kaɗawa sau 220 a daƙiƙa ɗaya, in aka danne ta a tsakiya daidai, za ta koma kaɗawa sau 440.

Akwatin da ke yin aikin yatsa

Turawa suna da wani abin kiɗa da aka gina bisa wannan ƙa'ida, sunansa kilabikod. Akwati ne mai tsawo da ake ɗorawa bisa tebur, an shimfiɗa tsirkiyoyin ƙarfe a cikinsa, ga kuma jerin maɓallai irin na fiyano a gaba. Mafi tsufa da ya rage a duniya cikin masu ɗauke da shekarar ƙirarsu an ƙera shi a 1543, yana birnin Leipzig na Jamus. A ƙarshen kowane maɓalli an kafa ɗan ƙarfen farar tagulla a tsaye. Idan aka danna maɓalli, ƙarfen ya tashi ya bugi tsirkiya, sa'an nan ya tsaya manne da ita. Wato aiki biyu yake yi: shi ne ke bugu, shi ne kuma ke yanke tsawon tsirkiya kamar yatsan mai garaya. Shi ya sa a tsofaffin kilabikod maɓalli biyu ko uku kan yi tarayya a tsirkiyoyi iri ɗaya, kowane yana bugun wurinsa. Da an ɗaga yatsa, ƙyallen da aka saƙa a gefen tsirkiyoyin sai ya kashe sautin nan take.

A zamanin kiɗan da ake kira Barok, daga wajen 1600 zuwa 1750, makaɗan coci na Jamus da shi suke bita a gida, domin babban abin kiɗan coci ba ya tashi sai da mai hura masa iska. Wannan shi ne zamanin Johann Sebastian Bach, wanda aka haifa a 1685 ya rasu a 1750. Ɗansa Carl Philipp Emanuel ya bayyana a littafinsa na 1753 cewa a kan kilabikod ne aka fi gane gwanintar makaɗi.

Dalili kuwa shi ne, a fiyano guduma takan bugi tsirkiya ta koma, makaɗi ba shi da sauran iko da muryar. A kilabikod yatsa yana riƙe da murya har ta ƙare. In ya danna da rauni ƙarfen ya yi tsalle, sauti ya shaƙe. In ya danna fiye da kima tsirkiya ta ƙara ɗauri, murya ta kauce. In kuwa ya riƙa sassauta yatsa yana ƙarawa a hankali, sai muryar ta yi ta rawa, abin da Jamusawa ke kira Bebung. Kiɗan Bach yakan jera muryoyi biyu ko uku ko huɗu a lokaci guda, saboda haka dole kowane yatsa ya san nauyin da zai bayar.

Rabon kunne

Muryar kilabikod ƙarama ce ƙwarai, hirar mutum biyu ma tana iya danne ta. Jin ta ya dogara ga lafiyar kunne. Sauti yakan girgiza dodon kunne, ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa girgizar zuwa wani sashe mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 16,000, su ne ke mai da girgiza saƙon da ƙwaƙwalwa ke karantawa. Na bakin katantanwar suna jin siririyar murya, na can ciki suna jin mai kauri.

A nan haɗarin yake. Kaza da kifi suna sake fid da waɗannan ƙwayoyi idan sun lalace, ɗan Adam kuwa ba ya yi. Hirar yau da kullum tana wajen desibel 60, kuma masana lafiya sun yi gargaɗi cewa daɗewa cikin ƙarar da ta wuce 85 tana kashe su sannu a hankali. Lasifikar gidan biki tana iya haura 100. Saurayin da ya saba tsayawa gabanta, ko yake cika ƙarar waya a kunne, yana iya wayar gari amon garaya ya fara ɓace masa.

Gwaji a aji

Malami na iya nuna duk wannan da gwangwanin kifi da sanda da waya ɗaya. A ɗaura wayar ta yi tauri, a auna tsawonta, a kaɗa, sa'an nan a danne ta a rabi a sake kaɗawa. Daga nan a taɓa ta da gefen cokali a riƙe, a ƙara nauyin hannu a sassauta, ɗalibai su yi tsit su saurari rawar muryar. Wanda ke bayan aji kuma ya faɗi abin da ya ji.