Dutse Ya Riga Tsakuwa Faɗowa? Tankaɗe da Rairayar Zantukan Motsi

Duk wanda ya taɓa zama a tasha yana jiran mota ta cika ya san irin musun da ake tafkawa a kan gudu. Wannan ya rantse cewa direban da ya ƙure maleji shi ne gwani, wancan ya ce buhun masara zai riga ƙwarya dira ƙasa in suka suɓuce daga saman tirela. Yara na jin waɗannan zantuka tun suna ƙanana, su ɗauke su zuwa ajin fiziks, wasu ma har zauren jarrabawar WAEC da JAMB, inda suke jawo musu asarar maki. Wasu daga cikin zantukan gaskiya ne, wasu kuwa ido ne ya yaudari mai su. Bari mu baje su a faifai.

Kafin nan, akwai kalmomi uku da ya kamata a riƙe. Gudu shi ne nisan da aka ci a raba da lokacin da aka ɗauka: motar da ta ci kilomita 120 cikin awa 2 tana gudun kilomita 60 a awa. Felositi gudu ne haɗe da alƙibla, wato kilomita 60 a awa, an doshi gabas. Akselareshan kuwa shi ne yadda felositi ke canzawa a cikin kowace daƙiƙa.

"Abu mai nauyi ya fi marar nauyi saurin faɗowa." Ƙarya ne.

Wannan zance ya fi shekara dubu biyu yana yawo, tun daga Aristotul na ƙasar Girka, kuma manyan masana sun daɗe suna karɓarsa hannu bibbiyu. A shekarar 1586 wani masani mai suna Simon Stevin ya saki dunƙulen dalma guda biyu daga sama a garin Delft na ƙasar Holan, ɗaya ya ninka ɗaya nauyi sau goma, aka ji dirarsu kamar ƙara ɗaya. Galileo ɗan Italiya ya riƙa gangaro da ƙwallaye a kan katako yana auna lokaci, ya wallafa sakamakon a 1638. Labarin da ake yawan bayarwa cewa ya hau karkatacciyar hasumiyar Pisa ya saki duwatsu, daga ɗalibinsa Viviani ya fito bayan rasuwarsa, kuma masana tarihi da dama suna shakkarsa.

Gani ya kori ji, don haka gwada da kanka. Yagi takarda biyu daga littafi ɗaya, ka dunƙule ɗaya, ka bar ɗaya a shimfiɗe, ka sake su tare. Dunƙulalliyar za ta dira nan take, ɗayar kuwa ta yi ta lilo tana yanga kafin ta iso. Nauyinsu ɗaya, to me ya bambanta su? Iska ce ta tare mai faɗin. Inda babu iska, babu wannan bambanci. A 1971 ɗan sama jannati David Scott na kumbon Apollo 15 ya tsaya a duniyar wata, ya saki guduma da gashin tsuntsu a gaban kyamara, suka dira tare. A nan doron ƙasa, duk abin da aka saki, in aka cire tasirin iska, gudunsa yana ƙaruwa da kimanin mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, dutse ne ko tsakuwa.

"Gudu da felositi duk abu ɗaya ne, malamai ne ke son wahalar da mu." Ƙarya ne.

Ɗan acaɓa ya fita da sassafe, ya wuni yana kai-kawo tsakanin kasuwa da unguwanni har ya ci kilomita 90 cikin awa 9, da magariba ya dawo ya kafe babur ɗinsa daidai inda ya ɗauke shi. Matsakaicin gudunsa kilomita 10 ne a awa, man da ya ƙona ma shaida ne. Amma matsakaicin felositinsa sifili ne, domin felositi ba ya lissafa yawan zagaye, tazarar da ke tsakanin mafari da maƙura kawai yake dubawa, da kuma ɓangaren da aka nufa. Matuƙin jirgin sama ya san muhimmancin wannan. In aka ce masa wani jirgi na gudun kilomita 800 a awa a kusa da shi, ba a gama ba shi labari ba sai an faɗa masa ina jirgin ya dosa.

"Akselareshan yana nufin ƙara wuta." Rabin gaskiya ne.

Taka totur hanya ɗaya ce kawai daga cikin uku. Birki ma yana canza felositi, don haka shi ma akselareshan ne, sai dai yana fuskantar baya. Na ukun, wanda ɗalibai suka fi mantawa, sitiyari ne. Motar da ke zagaya shataletale, ko da allurar gudunta ta kafe a kan 30 ba ta motsa ba, alƙiblarta na canzawa a kowane taku. Shi ya sa fasinjojin baya ke matse juna zuwa gefe ɗaya har wani ya ce, "Malam, ɗan gyara mana." Jikinsu yana son ya miƙe samɓal, motar tana karkatar da shi.

A nan ne ma masu shirya jarrabawa ke ɗana tarko. Ka cilla lemo sama. A ƙololuwar tashinsa gudunsa sifili ne na ɗan ƙiftawar ido. Ɗalibi sai ya rubuta cewa akselareshan ma sifili ne. Da haka ne, da lemon ya maƙale a can sama ya zauna. Jan ƙasa bai sake shi ba ko da na daƙiƙa ɗaya, yana nan a 9.8 ɗinsa, yana jawo shi ƙasa.

"In an daina tura abu, dole ya tsaya." Ido ne ya ga haka, amma ba dokar ba ke nan.

Mai kura ya daina turawa, kura ta tsaya, wa zai musa? Sai dai abin da ya tsayar da ita gogayya ce tsakanin taya da ƙasa, da kuma a wurin da tayar ke juyawa. Shi ya sa in aka sa mata man giris take ƙara gangarawa kafin ta tsaya. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya riga ya yi hasashen cewa abin da aka jefa a sararin da babu komai a cikinsa ba zai daina tafiya ba. Isaac Newton ya tsara wannan a matsayin dokarsa ta farko a 1687: abu yana ci gaba da halin da yake ciki, na tsayuwa ko na tafiya miƙe da gudu ɗaya, sai wani ƙarfi daga waje ya taɓa shi. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 har yau yana tafiyar kimanin kilomita 17 a daƙiƙa, ba tare da wani inji na tura shi gaba ba.

"Jikin mutum yana jin gudu." Ƙarya ne.

Alhazai sun san wannan. Jirgi na keta hazo da gudun kusan kilomita 900 a awa a hanyar Jidda, amma shayi na zaune lafiya a kofi. Lokacin tashi da lokacin sauka ne ake jin an manne da kujera ko an rinjaya gaba. Abin da jiki ke ji canjin gudu ne. Wanda ke zaune a tabarma a Kano, juyawar duniya na tafiya da shi da fiye da kilomita 1,600 a awa, ko gezau bai yi ba. Haka nan wanda ya yi tsalle a cikin jirgin ƙasan da ke tafiya miƙe da gudu ɗaya, inda ya tashi nan zai dira, domin shi ma yana ɗauke da gudun jirgin. Haɗarin wannan shi ne, direban da ya daɗe a kan 120 a titi mai kyau sai ya ji kamar tafiyar hawainiya yake yi. Allura ce ke faɗa masa gaskiya.

"An je da 60, an dawo da 40, matsakaici 50 ke nan." Ƙarya ne.

A ce hanyar kilomita 120 ce. Zuwa ya ci awa 2, dawowa ya ci awa 3. Jimillar nisa 240, jimillar lokaci awa 5, matsakaicin gudu 48. An fi daɗewa a kan ƙaramin gudun, don haka shi ya fi rinjaye. Kullum a haɗa nisa duka, a raba da lokaci duka.

"Harsashin da aka harba sama na iya kisa in ya dawo." Gaskiya ne.

Iska na rage masa gudu, amma abin da ya rage ya isa ya huda ƙoƙon kai, musamman in an harba shi a karkace. An sha samun mace-mace a ƙasashe daban-daban ta dalilin harbin murna a bukukuwa.

"In ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata ya ninka sau huɗu." Gaskiya ne, kuma ita ce ta fi cancanta a haddace.

Nisan birki yana tafiya ne da gudu a ninka shi da kansa. Motar da ke buƙatar mita 15 ta tsaya daga gudun 50 za ta buƙaci kimanin mita 60 daga gudun 100, a titi ɗaya da taya ɗaya. Wannan ban da tafiyar da take yi kafin ƙafar direba ta kai kan birki. A gudun 100, mota na cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, wato kafin ya gama cewa "Innalillahi" ya wuce tsawon tirela.

Shi kuma karo, akselareshan ne mai tsananin gaske, gudu ya koma sifili cikin ƙasa da daƙiƙa. Motar ta tsaya, amma dokar Newton ba ta saki fasinja ba, jikinsa na nan a kan gudun da yake. Cin karo da bango a gudun 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, kamar saman bene mai hawa uku. A gudun 100, tsayin ya kusa mita 40. Uwar da ta rungume jariri a kujerar gaba tana ganin hannunta ya isa kariya, alhali a wannan ƙiftawar nauyin yaron kan zama kamar ya ninku sau gommai, babu damtsen da zai riƙe shi. Bel ɗin kujera aikinsa ke nan: ya riƙe jiki, ya ɗan tsawaita lokacin tsayawar don ƙarfin bugun ya ragu.

To me ake samu a madadin wannan kasada? A tafiyar kilomita 100, mai gudun 100 zai isa cikin minti 60, mai gudun 120 cikin minti 50. Minti goma kacal ya ci riba, ya kuma ƙara wa nisan birkinsa kusan rabi. Magabata da suka ce sauri kan haifi nawa ba su da ma'aunin gudu, amma lissafi ya gaskata su. Ɗalibin da ya gane wannan, ran da ya shiga mota ya ga allura ta haura, yana da hujjar da zai ɗaga murya ya ce, "Direba, don Allah a sassauta, minti goma ne kawai tsakani."