Dokokin Motsi da Ɗamewar Igiya

A shekarar 1687 masanin kimiyya ɗan ƙasar Ingila, Isaac Newton, ya bayyana dokokin motsi guda uku. Wadda ta fi shafar darasinmu ita ce ta biyu. Abin da take nufi shi ne, idan ƙarfi ya rinjayi abu, saurinsa zai canza, kuma ƙarfin da ya yi rinjaye daidai yake da yawan kilogiram ɗin abin sau ƙaruwar saurinsa a kowace daƙiƙa. Ana auna ƙarfi da ma'aunin niyuton.

Kafin a ci gaba, ya kamata malami ya lura da kalmar "nauyi". A Hausa da ita ake faɗin yawan abin da jiki ya ƙunsa, wanda ake aunawa da kilogiram, da ita kuma ake faɗin ƙarfin da ƙasa take jan jikin da shi. Masana fiziks sun raba su biyu. A nan za mu keɓe "nauyi" ga jan ƙasa kaɗai, domin yawancin ruɗanin ɗalibai daga wannan kalma yake farawa.

Mu ɗauki guga cike da ruwa mai kilogiram 10, rataye a bakin rijiya. Ƙasa tana ƙara wa abin da ke faɗuwa saurin kimanin mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, don haka nauyin gugan niyuton 98 ne. Ƙarfi biyu ne ke aiki a kansa: nauyi yana jan sa ƙasa, igiya tana jan sa sama. Wannan jan na igiya shi muke kira ɗamewa. Za mu ɗauka igiyar ba ta da wani nauyin kirki.

Idan gugan yana tsaye cak, ɗamewar niyuton 98 ce. Haka nan idan yana hawa da sauri iri ɗaya, bai ƙaru ba bai ragu ba. Wannan ne ɗalibai ba sa saurin yarda da shi, amma dokar farko ta tabbatar da shi. Idan kuwa mai ɗiba ya fizga har saurin yana ƙaruwa da mita 2 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, dole igiya ta ɗauki nauyin, ta kuma ƙara niyuton 20, wato 10 sau 2. Ɗamewar ta zama 118 ke nan. Shi ya sa tsohuwar igiya ta fi tsinkewa lokacin fizga. In ƙasa gugan ya nufa da irin wannan ƙaruwar sauri, sai ta koma 78.

A 1784 George Atwood na Jami'ar Kembirij ya bayyana wata na'ura: igiya ɗaya bisa 'yar taya mai juyawa, da kaya a kowane gefe. A ce ɗaya kilogiram 3 ne, ɗaya 2. Nauyinsu 29.4 da 19.6, bambancin 9.8. Wannan bambanci ne ke motsa kilogiram 5 ɗin gaba ɗaya, saboda haka ƙaruwar saurin 1.96 ce. Ɗamewar kuwa 2 sau jimlar 9.8 da 1.96, wato kimanin niyuton 23.5. Ta fi nauyin ƙaramin kayan, shi ya sa yake hawa, ba ta kai na babban ba, shi ya sa yake sauka.