Kafin a Fara Kiransa "Dakta"

Tun yana aji ɗaya na babbar sakandare ake kiran ɗan yayata "Dakta" a gida, don kawai kansa na ja a darussan kimiyya. Ran nan na tambaye shi shekara nawa ake yi a karatun likita. Ya ce, "Kawu, ba huɗu ba ne kamar sauran?" Amsar ta tsaya min a rai. Yaro ya ɗauki hanya, amma ba wanda ya zaunar da shi ya faɗa masa nisanta.

A Najeriya digirin MBBS shekara shida ne, shi ma in ba a shiga yajin aiki ba. Na ASUU na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas. Samun gurbin ma aiki ne ja, domin hukumar kula da aikin likitoci ta MDCN ce ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, shi ya sa yaro kan ci JAMB da maki mai yawa ya rasa.

Daga aji biyu na jami'a ake shiga ɗakin nazarin gawa, kuma nan ne na fi so a yi wa yara bayani tun da wuri. Warin fomalin yana sa ido hawaye, ya bi riga har ɗakin kwana. Yarinyar da ta tashi tana ganin ana suturta mamaci kafin rana ta faɗi, yau ita aka miƙa wa wuƙa ta bi jijiyoyin hannunsa ɗaya bayan ɗaya, ta haddace sunayensu da Latin. Wasu kan saba cikin mako biyu, wasu kuwa abinci ma gagararsu yake. Bayan nan ga jarrabawar MB ta biyu, wadda ke mayar da zakarun sakandare baya, har a sauya wa wasu fanni.

Wanda ya tsallake sai asibitin koyarwa, a Shika ko na Malam Aminu Kano ko na Usmanu Ɗanfodiyo: zagayen marasa lafiya a tsaye, kwana a ɗakin haihuwa, ganin rai na fita. Ya gama, ya yi shekara guda ta horo kafin cikakken lasisi, sai bautar ƙasa, sannan shekaru huɗu zuwa shida na neman ƙwarewa.

Ba tsoratarwa nake nufi ba. Arewa na matuƙar buƙatar likitoci, musamman mata. Roƙona ga shugabannin makarantu shi ne, ranar ba da shawara kan sana'a su gayyato ɗalibin likitanci ɗan aji biyar, wanda zafin abin bai bar jikinsa ba, tare da ma'aikaciyar jinya da mai harhaɗa magunguna da ma'aikacin ɗakin gwaji. Ɗan yayata dai na haɗa shi da wata likita mai horo. Tambayar farko da ya yi mata ita ce awa nawa take barci.