Jan Gizo-gizo a Shukar Tsakar Gida: A Kore Shi Ba da Guba Ba

A Sokode da Dapaong gidaje da yawa suna da 'yar shuka a tsakar gida. Wata a tsohon bokiti, wata a buhu, wata a gindin katanga: tumatir, gauta, barkono, kuɓewa, alayyafo. Wannan abu ne mai kyau, gama ganye da tumatir a miya suna gina jikin yara da na mata masu ciki. Amma da hunturu ya shigo, tun daga Disamba har zafin Maris da Afrilu, sai ganye ya fara ɗigo-ɗigon fari, ya koma ruwan ɗorawa, ya bushe, ko da ana ba shi ruwa kullum. Sau da yawa mai wannan ɓarna jan gizo-gizo ne.

Wane irin ƙwaro ne?

Malaman gona suna ce masa araignée rouge da Faransanci. Girmansa kamar rabin milimita ne, da ƙyar ido ke ganinsa. Ƙafafunsa takwas, kamar na kaska da gizo-gizon ɗaki. Yana zama a bayan ganye, ya huda shi, ya tsotse ruwansa. Mace ɗaya tana iya yin ƙwai kusan 100. In ana zafi, ƙwai yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 3, bayan kamar mako guda ɗan ya isa yin nasa ƙwan. Zafi da fari da ƙura su ne abokansa, ruwan sama kuwa maƙiyinsa ne. Shi ya sa shukar da ke ƙarƙashin rumfa ko baranda, inda ruwa ba ya dukanta, ta fi shan wahalarsa.

Ku kwantar da hankali: ba ya cizon mutum, ba shi ke kawo ƙazwa ba. Tumatir daga irin wannan shuka, in an wanke, ana ci.

Yadda za ku gane shi

Ku riƙe farar takarda a ƙarƙashin ganye, ku karkaɗa. In kun ga ɗigo-ɗigo kamar garin barkono suna tafiya, shi ne. In ya yi yawa za ku ga siririyar yana ta lulluɓe kan shukar. Ku riƙa juya ganye kuna dubawa sau biyu a mako.

Don me ba za a fesa maganin auduga ba?

A yankinmu ana noman auduga, saboda haka ragowar maganinta ba ta wuyar samu. Mutum ya ga shukarsa tana mutuwa, sai ya ɗauko ya fesa. Akwai hasara biyu a ciki.

Ta fari, yawancin magungunan ƙwari ba domin wannan ƙwaro aka yi su ba, kuma yana saurin sabawa da su. Waɗanda ke mutuwa su ne ƙananan ƙwarin da ke cinsa. Bayan mako biyu sai ya dawo fiye da dā. Kada ku rena waɗannan ƙwari masu taimako. A 1971 aka ga wani koren ɗan'uwansa a gonakin rogo a Uganda, ya bazu har Afirka ta Yamma. Abin da ya rage ƙarfinsa wani ɗan ƙwaro ne mai cinsa, wanda ma'aikatan IITA suka kawo daga Barazil, suka saki a Benin, maƙwabciyarmu, a 1993.

Ta biyu ta fi muni. Tsakar gida nan ne yara ke rarrafe, nan randa take, nan ake tuƙa tuwo, nan kaji ke kiwo. Guba tana shiga jiki ta fata, ta hanci, ta baki. Kada garin neman gira a rasa ido.

Abin da za ku yi

1. Ku tsinke ganyen da ya lalace ƙwarai, ku ƙone. Shukar da yana ta rufe duka, ku tuge ta. Kada ku yar da ita kusa da sauran.

2. Ku nome ciyawa a kewaye, musamman gautan kaji, gama a kansa yake ɓuya.

3. Ku wanke bayan ganye da ruwa mai ƙarfi kowace safiya. Gorar roba da aka huda murfinta da allura ta isa.

4. Ruwan sabulu: ku kankare sabulun wanki cokalin shayi 2, ku narkar a lita 1 na ruwa. Ban da omo, yana ƙona ganye. Ku gwada a ganye kaɗan tukuna. In washegari bai ƙone ba, ku fesa wa sauran da yamma, bayan ganye ya jiƙe sosai.

5. Ruwan darbejiya, wato dogon yaro: ku daka busassun 'ya'yansa rabin kilo, ku jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, ku tace da ƙyalle, ku sa ɗan sabulu, ku fesa a ranar. Ku ajiye shi nesa da yara, ba abin sha ba ne.

6. Ku maimaita bayan kowane kwana 4 ko 5, har sau uku ko huɗu. Feshi ɗaya ba ya kashe ƙwai. Nan ne mutane da yawa ke gajiya, su ce maganin bai yi ba.

Bayan kun taɓa shuka mai ciwo, ku wanke hannu kafin ku taɓa mai lafiya. Ƙwaron yana bin hannu da riga da iska. In lambu ne babba, ku nemi malamin gona na ICAT kafin ku sayi kowane magani.

In guba ta riga ta taɓa mutum

Alamun su ne ciwon kai, jiri, yawan gumi, dalalar miyau, amai, zawo, rawar jiki, gani dishi-dishi, da wuyar numfashi. Ku fitar da shi iska. Ku tuɓe masa tufafi, ku wanke jikinsa da ruwa da sabulu. In ta shiga ido, ku zuba ruwa mai tsabta minti 15. In ya sha ne, kada ku sa shi amai, kada ku ba shi nono ko manja. Ku kwantar da shi a gefe ɗaya. Ku kai shi asibiti mafi kusa nan da nan, ko babban asibitin Sokode ko na Dapaong, ko da dare ne. Ku tafi da kwalbar maganin, domin sunan da ke jikinta zai nuna wa likita abin da zai yi.

Ku tuna

Kada a zuba maganin gona a kwalbar lemo. Kada a ajiye shi a ɗakin kwana ko kusa da abinci. Galan da ya taɓa ɗaukar magani ba ya komawa na ruwan sha ko na mai, ko an wanke shi sau goma. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya karatu ba.