Karsanar Da Ake Turkewa A Doguwa

A rugagen gefen dajin Falgore, Bafulatani ba ya sayar da karsana sai dole, domin ita ce uwar garken gobe. Wadda ke zuwa hannun mai kiwon turka galibi juya ce, ko wadda ta haura shekara huɗu ba ta ɗauki ciki ba.

Tun tana maraƙa ake gane makomarta. Idan an tatse uwar ƙarƙaf saboda nonon sayarwa, sai maraƙar ta tashi a tsumbure, kuma dusa ba ta gyara wannan.

Da zarar an sayo ta, maganin tsutsar ciki da na kaska ne farko, a duba sammore, tunda yankin na da kurmi. Sannan a turke ta a inuwa, a riƙa ba ta: harawa, kowar wake, dusar masara, wadda Doguwa ba ta rasa ta bayan kaka, ɗan ƙulin auduga da kanwa. Wata uku zuwa huɗu sun isa.

Karsana kan riga bijimi tara kitse. In aka zarce, mahauci zai matsa gindin wutsiya, ya ji kitse zalla, ya rage tayi.