Wasan Kwamfuta Zai Iya Raba Ƙannenmu da Sigari?

Ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare a Wurno ko Rabah ya san taba tana kisa. Malami ya faɗa, iyaye sun faɗa, ga gargaɗi a jikin kwali. Abin da ba a koya masa ba shi ne amsar da zai ba abokin da ya miƙo masa kara a gidan kallon ƙwallo yana cewa, "Ja mana, ko har yanzu kai yaro ne?"

Nan ne wasan kwamfuta yake da amfani. A Amurka, masana a Jami'ar Yale sun ƙirƙiro wani mai suna smokeSCREEN. Yaro ne ke jan ragamar wani ɗalibi a cikin wasan: ya zaɓar masa abokai, a yi masa tayin taba, ya zaɓi abin da zai ce, nan take ya ga inda zaɓin ya kai shi. In ya faɗi, sai ya sake. Wato yana gwajin cewa a'a tun kafin ranar ta zo.

Me ya sa sai 'yan ƙaramar sakandare? Yawancin mashaya tun suna yara suka fara, kuma sinadarin nikotin ya fi saurin kama ƙwaƙwalwar da ba ta gama girma ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayarwa kara-kara, amma kowa ya san abin da ake yi a teburan bakin tasha.

To, a ganina kwaso wasan Turawa ba zai fisshe mu ba. Makarantar da ba wuta ba kwamfuta fa? Namu ya zama da Hausa, da murya don wanda karatunsa bai nuna ba, ya yi aiki a wayar malami ko babu intanet, yara biyar-biyar suna gardamar amsa. A sa wuraren da suka sani: kasuwar Achida, bakin dam ɗin Goronyo, teburin mai shayi.

'Yan sashen kwamfuta, duk shekara ana rubuta furojet ya ƙare a kan kanta yana shan ƙura. Ga wanda za ku kai makarantar garinku ranar 31 ga Mayu, ranar yaƙi da shan taba ta duniya. Wa zai fara?