Mai Gona Ake Fara Tambaya

Shekarar da malamin gona ya kawo mana sabon irin hatsi daga tashar binciken noma ta Tarna, wanda ake kira HKP, mahaifina bai yi masa musu ba, bai kuma gaskata shi ba. Malamin ya ce irin yana nuna da wuri, ko ruwa ya ɗauke kafin lokaci ba za a tashi a tutar babu ba. Baba ya karɓi tiya guda, ya yi godiya. Da ruwan shuka ya sauka, sai ya ɗauki sungumi ya yi abin da ya ba ni mamaki: layi ɗaya sabon iri, layi na biye irinmu na gado, haka ya yi ta jerawa har ƙarshen wani sashe na gonar. Na ce, "Baba, me ya hana a zuba sabon a gindin gawo, inda ƙasa ta fi ƙarfi?" Ya ce, "Yaro, in ya yi kyau a can, irin zan yaba ko gawon?" Ranar watsa taki ma ya ƙi gaya wa yayyena wane layi ne na wane iri, don ya san hannu yana karkata inda zuciya take. Da kaka aka ɗaure dammunan kowane iri daban, aka ƙirga.

Na daɗe da girma kafin na gane cewa abin da Baba ya yi a gonarmu shi ne ainihin abin da masana ke yi in za su gwada sabon magani, kuma ƙasar Madarunfa tana cikin wuraren da aka fi yin wannan aiki a Nijar. Ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, ta daɗe a jihar Maraɗi, sashenta na bincike mai suna Epicentre kuma yana da cibiya a birnin. Daga 2014 suka fara gwajin wani rigakafin zawo mai suna Rotasiil, wanda kamfanin Serum Institute na Indiya ya haɗa, tare da ma'aikatar lafiya ta Nijar da masana irin su Sheila Isanaka ta jami'ar Harvard a Amurka. Ɗigo ne a baki, sau uku: jariri na da sati 6, da sati 10, da sati 14. Aka raba jarirai gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi suka sha rigakafin, rabi suka sha wani ruwa mai kama da shi wanda babu maganin a ciki, kuma daga uwa har ma'aikacin da ke ɗigawa babu wanda ya san wanne ne wanne. Ƙuri'ar nan ita ce maganin gindin gawo, don kada 'ya'yan masu hali ko na kusa da likita su taru a ɓangare guda. Ɓoyewar kuma ita ce ta masu watsa taki.

A 2017 aka ƙirga dammuna. Cikin jarirai 3,508, zawo mai tsanani na ƙwayar rota ya kama 31 a cikin waɗanda suka sha rigakafin, ya kama 87 a ɗaya ɓangaren. Wato an rage kashi biyu cikin uku. Abin da ya fi burge ni shi ne rigakafin yana jure zafi, yana iya yin wata shida a ma'aunin zafi 40 bai lalace ba. Duk wanda ya taɓa ganin ma'aikacin lafiya bisa babur a watan Afrilu, da akwatin ƙanƙara ɗaure a baya, ya nufi ƙauyukan Gabi ko Ɗan Isa, ya san darajar wannan. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, yaran wasu ƙasashe suka samu abin da jariran Madarunfa suka tabbatar.

Ba kowace shekara sabon iri ke cin na gado ba, kuma manomin kirki yana faɗin gaskiya ko da ya so akasin haka. Tsakanin 2012 da 2013 an gwada maganin amoksisilin a nan Madarunfa kan yara wajen 2,400 masu tamowa mai tsanani waɗanda ba su kai ga kwanciya ba. Al'ada ita ce a haɗa wa kowane irin wannan yaro maganin na kwana bakwai tare da abincin gyaɗan nan na cikin leda. Da aka auna, 66 cikin 100 suka murmure a ɓangaren maganin, 63 a ɓangaren da ba su sha ba, ratar da masana suka ce ba ta isa a jingina ta ga maganin ba, ko da yake waɗanda suka sha ba a kwantar da su da yawa kamar sauran ba. Kafin nan an yi irin wannan gwaji a Malawi, can kuma aka ga amfanin maganin a fili. Wannan ba zai ba manomi mamaki ba. Irin da ya yi albarka a fadamar gulbi yana iya ƙin jigawa. Shi ya sa nake ganin kuskure ne mu zauna jiran abin da aka gwada a jikin wasu, a ƙasar da cimarsu da ruwansu da cututtukansu suka bambanta da namu, mu ce ya wadatar.

Amma ɗa ba hatsi ba ne. Layin da ya ƙi ana iya sake shuka shi baɗi, uwar da ta rasa ɗanta kuwa babu baɗin da zai mayar mata. Hausawa suna da tabon wannan. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin Zana na Kano kan yara 200, rabi aka ba su sabon, rabi wani maganin da aka saba da shi. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran, bai amsa laifi ba, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Ɓarnar ba ta tsaya ga waɗancan gidaje ba. Da aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a Kano a 2003, labarin Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi, kuma yaran da ba su ji ba ba su gani ba suka shanye. Daga Jibiya da ke tsallaken iyaka zuwa Ɗan Isa tafiya ce ta ɗan lokaci, kuma tsoro ba ya tsayawa a kan iyaka.

Malamin gonan nan bai shiga gonarmu da dare ya shuka irinsa ba. Ya yi sallama, ya zauna a tabarma, ya yi bayani, Baba ya zaɓa da kansa, kuma da ya ce a'a babu abin da zai rasa. Haka dokar gwajin magani ta tanada: sai kwamitin ɗa'a na ƙasa ya duba tsarin ya yarda, sai an kafa wasu masana na daban masu ikon tsayar da aikin in suka ga cutarwa, sai kuma mai jiki, ko uwa da uban yaro, sun amince bayan sun fahimta. Wurin fahimtar nan ne nake jin tsoro. Takardar da aka rubuta da Faransanci, aka karanta da sauri, uwa ta dangwala yatsa ga yaro yana kuka a baya, ba ta cika sunan yarda ba. Izinin maigari yana buɗe ƙofar gari, amma ba ya zama amincewar matar da za a ɗebi jinin ɗanta. Ga kuma talauci, wanda ke sa mutum ya ce to alhali zuciyarsa ba ta kwanta ba, don ya ji akwai duba kyauta da motar kai mara lafiya.

Gwaje-gwaje za su ci gaba da zuwa, na zazzaɓin cizon sauro, na tamowa, na ƙyanda da sauransu, kuma ina cikin masu maraba da su. A jihar Dosso masana daga jami'ar Kalifoniya ta San Faransisko sun gwada ba ƙananan yara maganin azitromisin sau biyu a shekara, sakamakon 2018 ya nuna mace-macen yara sun ragu da kusan 18 cikin 100 a ƙauyukan da aka bayar. Wa zai ƙi irin wannan? Burina dai in ga likitocin da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ke yayewa suna cikin masu zaɓen abin da za a gwada, don su suka san abin da ke cika gadajen yara a watan Agusta. Kuma in an gama, a dawo ƙauyen da aka yi aikin, a tara mutane a ƙofar maigari, a faɗa musu da Hausa abin da aka samu, mai daɗi ko mara daɗi. In maganin ya yi, ya iso ɗakin shan maganinsu da farashin da za su iya. Baba bai taɓa mayar wa malamin gona dukan dammunansa ba, ya ware irin baɗi a rumbu.

Ke inna, kai baba, ranar da masu farar riga suka yi muku sallama da takarda a hannu, ku shimfiɗa musu tabarma, sannan ku yi tambaya ba tare da jin nauyi ba. Mene ne wannan magani, a ina aka taɓa gwada shi? Ɗana zai iya faɗawa ɓangaren da ba a ba su ba? In ya yi masa illa, wa zai ɗauki jinyarsa? In na fasa a tsakiya, za a ci gaba da duba shi kamar kowa? Wanda ya zo da gaskiya zai zauna ya amsa muku ɗaya bayan ɗaya. Kada ku dangwala yatsa sai kun ji amsar da ta gamsar da ku.